An mayar da Abban Hanif Jamus: mu tura mota ta jirgin ruwa ko mu sayar mu saya a can?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa bin wannan hanya. Takardar sauyin wurin aikin Abban Hanif ta fito, an ɗauke shi daga barikin sojan Amurka na Fort Bliss nan El Paso, Texas, zuwa Vilseck a Jamus, shekara 3, kuma an amince mu bi shi ni da yara uku. Watan Oktoba ake so ya kama aiki. Motoci biyu gare mu: Toyota Sienna ta 2021 da har yanzu muke biyan banki, sai Honda Accord ta 2012 da muka gama biya tuntuni. Shi yana filin atisaye sai ƙarshen wata, ya bar mini lissafin a hannu. Na ji ana cewa soja na kai mota kyauta. Duka biyun za su kai, ko ɗaya? In ɗaya ce wacce ya kamata mu tura? Ko mu sayar da su duka mu je can mu saya? Don Allah a taimaka, kaina ya ɗau zafi.

Sajan_Zongo:
Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya sa sauyin ya zame muku alheri. Ɗaya ce tak. Duk sojan da aka tura ƙasar waje, gwamnati na biya masa jigilar mota ɗaya, zuwa da dawowa. Sai in mata da miji duka sojoji ne kuma kowa da tasa takardar, to nan kowa da tasa motar. Ta biyun ku kuke da ita: ko ku sayar, ko ku ba wani ajiya, ko ku biya kamfani da kuɗinku ya kai muku. Abu na farko, da ya dawo ya leƙa ofishin sufuri na barikinku da takardar odarsa, wato ta sauyin wurin aikin, su ne za su tabbatar da sunanku na ciki kuma an rubuta izinin tura mota. Ba a karɓar mota sai da wannan takarda.

Bakatsine_TX:
Ni dai shawarata ku sayar da su duka. Na yi shekara 3 a barikin Baumholder a Jamus. Titunan ƙauyukan Jamus ba irin na Texas ba ne, wasu tun kafin a ƙera mota aka shata su. Wurin ajiye mota a kasuwa ɗan tsukuku ne, ka shiga da Sienna ka rasa ta inda za ka buɗe ƙofa. Kuma Toyota ba ta sayar da Sienna a Turai, in fitila ko bamba ta fashe sai an yo odarta daga Amurka. A kowane bariki akwai filin da masu komawa gida ke jera motocinsu na sayarwa. Ku je da kuɗinku a hannu ku zaɓi wadda aka ƙera don titin can.

Hajiya_Rabi_Bayern:
Malam Bakatsine, kai kaɗai ka zauna a Baumholder ko da iyali? Don maganarka ta gwauro ce. Ni a nan yankin nake yanzu, tsakanin Vilseck da Grafenwöhr, yarana huɗu, kuma Odyssey na zo da ita wadda girmansu ɗaya da Sienna. Ƙanwata Maman Hanif, ki saurare ni da kyau. Vilseck ƙauye ne. Kina son naman halal mai kyau sai kin je shagunan Turkawa a Amberg ko Weiden, in babbar sayayya ce ta azumi ko salla sai Nürnberg, tafiyar kusan awa ɗaya. Ga kujerun yara, ga keken jariri, ga buhun shinkafa. Motar Turawa mai kujera 7 tana nan amma wadda ke da lafiya ba ta arha, kuma da yawa giyar hannu ce. Waɗanda ake jerawa a filin bariki kuwa, wasu sun wuce hannun soja biyar, kowa ya ja ta shekara biyu ya miƙa wa na gaba. Motar da kika san tarihinta tun tana sabuwa ba za a haɗa ta da waɗannan ba. Ƙofar Sienna ma ai ja ake yi, ba buɗewa waje take ba, ita ce ta fi daɗin fitar da yara a matsatsin wuri. Babban titi kuwa babu wata matsala.

Bakatsine_TX:
Hajiya da iyali na zauna, amma lokacin ɗa ɗaya gare mu. Na yarda yawan yara na canza lissafi. Maganar kayan gyara dai ina nan a kanta.

Damagaram92:
Ina da tambaya a kan wannan. Ba su da iyakar girma? Na ji wani abokin aikina ya biya kuɗi a kan motarsa, alhali ita kaɗai ya tura.

Sajan_Zongo:
Akwai iyaka, Damagaram. Tan 20 ne, amma ba tan na nauyi ba, na fili ne, wato wurin da motar za ta ci a cikin jirgi. Kowane tan ɗaya ƙafa 40 ne na kubik, wato tsawo sau faɗi sau tsayi. Yadda ake yi: ka auna tsawo da faɗi da tsayi da inci, ka ninka su, ka raba da 1,728, abin da ya fito ka sake raba shi da 40. Na buga na Sienna yanzu, kusan tan 16 ya ba ni, saboda haka ba ta da matsala. Waɗanda ke faɗawa ciki su ne masu manyan a-kori-kura irin F-150 mai ƙofa huɗu, musamman in an ɗaga ta ko an ɗora mata rumfa. Abin da ya haura 20 daga aljihunka zai fito.

Ummu_Sultan:
Kowa na maganar girma da titi, an bar babban abin. Motar nan akwai bashin banki a kanta. Maman Hanif, ba za a karɓe ta ba sai kin kawo wasiƙa daga bankin, a kan takardarsu mai tambari, da lambar shasin motar, cewa sun yarda a fitar da ita daga Amurka. Ki kira su gobe da safe, kar ki jira maigida ya dawo. Mu da za mu Italiya, wanda ya ɗauki waya a bankinmu bai ma san me nake nufi ba, aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan, daga baya suka ce sai mun nuna musu inshorar da za ta rufe motar a ƙasar waje kafin su rubuta. Kusan wata guda muka yi a kai, har ranar da aka ba mu ta kai mota ta wuce muka sake neman wata. Bankunan da suka saba da sojoji cikin 'yan kwanaki suke bayarwa. Wasu ƙananan masu ba da bashi kuwa ƙememe suke ƙi, su ce sai an biya ragowar. Amsar da bankinku ya bayar ita ce za ta raba gardamar nan kafin duk wata shawara tamu.

Malam_Idi_Bronx:
Assalamu alaikum. Ni ba soja ba ne, ɗana ne ke ciki, amma ina da abin faɗa. Tunda Allah ya kawo wannan dama, me zai hana a sayar da Siennar a biya banki a fita daga kuɗin ruwa? Ga Accord an mallake ta, babu haƙƙin kowa a kanta. A tura ta, a yi maneji. Kwanciyar hankalin wanda ba a bin sa bashi daban take, balle bashin da ke da ruwa a ciki. Ban faɗa don in ɓata wa kowa rai ba.

Yar_Kumasi:
Malam gaskiya ka faɗa, amma mutum biyar a Accord da kujerun yara uku a baya fa? Ba su shiga a jere sai an sayi sirara na musamman.

Sajan_Zongo:
Tunda Malam ya taɓo bashi, akwai dokar da ya kamata kowane gidan soja ya sani, SCRA ake ce mata, ta 2003. Bashin da mutum ya ci kafin ya shiga aikin soja, doka ta ce ruwansa kar ya wuce kashi 6 cikin 100 muddin yana bakin aiki, amma sai ka rubuta musu ka nema. Sannan wanda motarsa ta haya ce ta shekaru, ba saye ba, in aka tura shi ƙasar waje yana da damar mayar da ita ya soke yarjejeniyar ba tare da tarar katsewa ba. Wannan na biyun bai shafi Maman Hanif ba tunda tasu saye ne, na faɗa ne don masu karatu.

Mai_Unguwa:
Jama'a maganar riba babba ce kuma tana da nata zauren, akwai malamai a can. Malam Idi mun gode da tunatarwa. A nan mu tsaya kan tambayar baiwar Allah.

Maman_Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Idi na ji maganarka kuma zan isar wa Abban Hanif. Ummu Sultan gobe in sha Allah zan kira bankin. Wasu tambayoyin: a ina ake kai motar, nan cikin bariki ne? Ni zan iya kaiwa in ba ya nan? Kuma zan iya cika ta da kaya, irin tukwane da barguna da kayan miya? Don na ji kayan gida na daɗewa kafin su iso.

Sule_Navy:
A'a Hajiya, kar ki sa komai. Motar ba akwati ba ce a wurinsu. Abin da aka yarda a bari ciki kayan motar ne kawai: safaya, jak, 'yan sufanu, wayar tayar da batir, akwatin agajin gaggawa, alamar nan mai kusurwa uku ta tsayawa a hanya, da kujerun yara. Barguna da tukwane ki sa su a cikin ƙaramin kayan da ake turawa da wuri ta jirgin sama, wanda ke riga manyan kaya isa. Kayan miya kuwa ki tambayi ofishin sufuri tukuna, Jamus na da tsauri kan shigo da abinci, musamman nama da madara.

Wurin kaiwa kuma ba cikin bariki ba ne. Cibiyoyi ne na musamman, VPC ake ce musu, ba su da yawa a faɗin ƙasar: akwai a Baltimore, Norfolk, Charleston, Atlanta, St. Louis, Los Angeles, San Diego, Seattle da wasu. Ku na Texas taku tana Dallas, kuma daga El Paso ya haura mil 600, tafiyar yini guda ce cur. Ana biyan kuɗin hanya ta lissafin mil, ki ajiye takardun. A shafin PCSmyPOV ake kama rana, a nan kuma za ki riƙa bibiyar inda motar take. Za ki iya kaiwa da kanki in ya yi miki takardar wakilci, ofishin lauyoyin bariki na yin ta kyauta. Ki tafi da odar, da katin shaidarki, da rajistar motar, da wasiƙar banki, da makullai duka.

Man fetur kar ya wuce kwatan tanki. Da ɗigo ya haura za su ce ki je ki zagaya gari ki ƙona shi. Birkin hannu ya kama, kar baƙin mai ko ruwa na ɗiga, gilashin gaba kar ya zama da tsagewa.

Yar_Kumasi:
Ki ƙara da wanki, 'yar'uwa, wankin da ba ki taɓa yi wa mota ba. Mu an mayar da mu saboda ɓurɓushin biskit a ƙarƙashin kujerar yara da yashi a layin da kujera ke gudu a kai. Mutumin da tocila ya duƙa yana dubawa. Ki wanke ta a gida, in kin isa Dallas ki sake kai ta wurin wanki kusa da cibiyar, don ƙurar hanyar nan ta yammacin Texas za ta mayar da aikinki baya. Kuma ciki ya bushe sarai, in da danshi a kafet za ta iso miki da fumfuna. Na dawowa daga Turai ya fi wannan tsanani, saboda ma'aikatar noma ta Amurka ba ta yarda ƙasa ko irin ciyawa ya shigo ba, har ƙarƙashin mota da cikin injin ake dubawa.

Sule_Navy:
Na manta ɗaya. Ki shiga shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ki buga lambar shasi ki ga ko kamfani ya yi kiran gyara a kan motar. In akwai kiran da ba a amsa ba, ba sa karɓa. Ki buga takardar da ke nuna babu ki tafi da ita. In Accord kuka zaɓa wannan ya fi shafarku, don Accord na waɗannan shekarun na cikin motocin da aka kira saboda balan-balan ɗin kariya na kamfanin Takata. Gyaran kyauta ne a wurin dila.

Kurtu_Sabo:
Oga ni ma an ce Japan za a kai ni baɗi, Okinawa. Kenan ni ma zan tura Camry ɗina kyauta? Alhamdu lillahi.

Sule_Navy:
Ƙanina dakata. Japan daban ce. Motar da aka ƙera bayan 31 ga Maris 1976 akwai takunkumi a kanta saboda dokokinsu na hayaƙi da tsaro, Okinawa kuwa ba a ma kaiwa. Ga shi hannun hagu suke tuƙi, sitiyari a dama. Abin da ake yi maka a madadin haka, gwamnati ta ajiye maka motar a ma'ajiyarta har ka dawo, ita ke biya. Can kuma ka sayi ƙarama ta hannu, suna da arha. Na yi Yokosuka, haka kowa ke yi.

Maman_Hanif:
To mu ma ba za su ajiye mana ta biyun ba?

Sajan_Zongo:
A'a. Ajiyar madadin jigila ce, ga wanda aka hana shi turawa. Ku da aka ba damar tura ɗaya, kun ci rabonku.

Baba_Rukuba:
Ina karanta ku ina jinjina kai. Ni tsohon soja ne na Najeriya, na yi ritaya ina Jos. Lokacin da aka ɗauke ni daga Runduna ta 81 a Legas zuwa Runduna ta 1 a Kaduna, ina da Fijo 504 da injinta ya fara gajiya, ban yarda ta kai ni ba. Na je inda tirelolin arewa ke sauke albasa da tumatir a Mile 12, na sami direba ɗan Funtuwa da zai koma babu kaya, muka yi ciniki. A bakin wani tudu muka tura ta ciki da katakai, aka ɗaure da igiya, aka danne tayoyi da duwatsu. Na sa yarona ya zauna a gaba tare da direba da takardun motar da takardar sauyin aikina saboda shingayen hanya. Suka bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Tegina, Birnin Gwari. Babu inshora, babu takardar yarjejeniya, amana ce kawai da sanin wanda ya haɗa mu. Lafiya lau ta iso. 'Yata Maman Hanif, abin da zan ce miki shi ne iyalin soja ba sa zama da ƙafa a baƙon wuri. Mijinki zai fita tun asuba, wani lokaci a tafi da su makonni. Yaro ya yi zazzaɓi da dare, motar da kika san halinta kike so a ƙofar gida.

Hajiya_Rabi_Bayern:
Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. Wallahi abin da nake ta son faɗa kenan. Rundunar da ke Vilseck ba ta zama, yau Poland gobe wani wuri.

Damagaram92:
Baba ranka ya daɗe, har yanzu ana ɗora mota a tirelar kaya haka?

Baba_Rukuba:
Ana yi ɗana, amma yanzu akwai masu tirelar ɗaukar motoci zalla, kuma da yawa Lokoja da Abuja suke bi saboda halin da hanyar Birnin Gwari ta shiga a shekarun baya.

Alhaji_Dillali:
Ni ga tawa. Ku tura Sienna Jamus, Accord ɗin kuma ku sa ta jirgi zuwa gida. Honda na da kasuwa a Kano da Kaduna, ko ku ba wani ɗan'uwa ya riƙa ja. Ko ma ku ce wa sojan su kai Accord ɗin Legas a madadin Jamus, ku huta da kuɗin jirgi.

Sajan_Zongo:
Alhaji wannan ta ƙarshen ba ta yiwuwa, kuma kar wani ya gwada. Jigilar tana bin abin da aka rubuta a oda ne, daga tsohon wurin aiki zuwa sabo, don amfanin sojan da iyalinsa. Tura mota gida harka ce ta kanka da 'yan kasuwa.

Bakatsine_TX:
Kuma Alhaji ka duba shekarunta. Najeriya ta sa iyakar shekara 12 ga motocin hannu da ake shigowa da su, ta 2012 ta riga ta haura. Tun 2022 kuma kwastan da lambar shasi suke yanke kuɗin fito, ba yadda aka saba sasantawa da ba. In ka haɗa kuɗin kai ta tashar Houston ko Galveston, da na jirgi, da na fito a tashar Tin Can ta Legas, da na ɗan kiliya, da na kai ta arewa, sai ka ga ya doshi kuɗin motar kanta. Gara a sayar a El Paso a aika da kuɗin.

Damagaram92:
Mu na Nijar da ta Kwatano muke bi, mota ta sauka ta hau Parakou, Malanville, Gaya. Tun juyin mulkin Yulin 2023 da iyakar Benin ta rufe, kaya sai ta Lome su ratsa Burkina, hanya ta yi tsawo kuɗi ya ƙaru. Ni na daina tura mota gida sai abin ya daidaita.

Yar_Kumasi:
A tashar Tema ta Gana ma motar da ta wuce shekara 10 akwai tara a kan kuɗin fito.

Mai_Unguwa:
Mun kai Kwatano da Tema, a dawo Vilseck.

Hajiya_Rabi_Bayern:
To bari in faɗi abin da ke jiran ku a wannan ɓangaren, ko wacce kuka turo. Na farko lokaci. Daga ranar da kuka miƙa mota zuwa ranar da za ku karɓa, ku sa wata ɗaya da rabi zuwa biyu a ranku. Daga Dallas tirela za ta kai ta tashar jirgi, ta jira jirgi, ta sauka Bremerhaven can arewacin Jamus, a sake ɗoro ta zuwa cibiyar Grafenwöhr. Tunda motoci biyu gare ku kun yi sa'a: ku tura ɗaya tun watan Agusta, ku ci gaba da jan ɗayar har ranar tashi, sannan ku sayar. Hayar mota a nan ta fi ta Amurka tsada, gara rashin motar ya same ku a can.

Na biyu lasisi. Na Texas kaɗai ba ya ba ki damar tuƙa motar a nan. Akwai na rundunar Amurka a Turai, sai kin ci jarrabawa, kuma mutane na faɗuwa don sun raina ta. Alamomin hanya sun fi na Amurka yawa, sannan akwai dokar da ke cewa a mahaɗar da babu alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya ko da titinsa ƙarami ne. Ana iya yin karatun da jarrabawar ta intanet kafin a taso, amma sakamakon na da wa'adi, kar ki yi da wuri sosai. Kuma ki sabunta na Texas kafin ku taho in ya kusa ƙarewa.

Na uku, ranar karɓa sai da inshorar da ke aiki a Jamus da lambar wucin gadi ta kwana 30, a cikin kwanakin nan za ki kai ta a duba lafiyarta kafin a ba ki lamba ta dindindin. A nan tsofaffin motoci ke shan wahala: birki, fitilu, salansa, ɗigon mai, tsatsa. Kuma baƙar ledar gilashin nan da kowa ke sawa a Texas saboda rana, ta ƙofofin gaba sai an ɓare ta, ba ta wucewa.

Na huɗu taya. Oktoba za ku zo, sanyi na bakin ƙofa, kuma nan yankin dusar ƙanƙara na sauka sosai. Doka ta ce in akwai ƙanƙara a titi sai da tayar sanyi, kuma tun 1 ga Oktoban 2024 sai wadda ke da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Mai rubutun M+S kaɗai ta daina wadatarwa. Jamusawa daga Oktoba zuwa Ista suke barin ta a mota.

Tanko_Ramstein:
Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara kan man fetur, don na ga Bakatsine bai ambata ba kuma shi ne ke tsorata mutane da babbar mota. Mai a gidajen man Jamus na da tsada saboda haraji, amma soja da iyalinsa ana ba su katin mai, a sha a bariki ko a gidajen Esso ba tare da harajin ba, da adadin lita na kowane wata. Sienna ta 2021 kuma ai mai haɗin batir da fetur ce, ba ta shan mai kamar tsofaffin.

Sai ranar karɓar mota. Kar ki yi gaggawa ko yara na kuka. Takardar da aka zana duk wani ƙarce da lotsawa a ranar miƙawa, ita za a fito da ita a gwada. Ki ɗauki hotuna da bidiyo a ranar da kika miƙa, kowane gefe, rufi, tayoyi, cikin mota, da lambar mil. Tawa ta iso da lotsawa a ƙofar baya da madubi a karye. Na nuna tun ban motsa ta ba, aka rubuta, aka biya ni. Wani da muka karɓa rana ɗaya sai da ya isa gida ya ga nasa, ya sha doguwar wahala wajen tabbatar da cewa ba shi ya yi ba. In ba ki gamsu da abin da kamfanin jigila ya ba ki ba, akwai ofishin neman diyya na soja. Kuma in mota ta wuce ranar da aka rubuta za ta iso, ana biyan kuɗin haya dala 30 a rana har kwana 7. Bai isa hayar ba, amma haƙƙinku ne ku nema.

Bakatsine_TX:
Kun ji ko? Lotsawa, madubi, jira wata biyu, tayoyi huɗu sababbi. Kuma jinkiri ba a hannun kowa yake ba. Da gadar Baltimore ta rushe a 26 ga Maris 2024, tashar da a lokacin ta fi kowacce hada-hadar motoci a Amurka ta tsaya makonni. Duk wannan a kan motar da ake bin ku bashi. Sannan in kun tashi dawowa ba za ku iya sayar wa Bajamushe ita haka kawai ba, sai an bi ta kwastan an biya haraji, kasuwarku sojoji ne kaɗai.

Ummu_Sultan:
Ai wannan kasuwar ta sojoji ita ce mai kyau, Malam. Duk mai yara da ya sauka babu mota, irin Sienna yake nema ido rufe, kuma zai iya komawa da ita Amurka tunda ƙirar can ce. Wadda ka saya ƙirar Turai ita ce ba ta shiga Amurka, dole ka rabu da ita ko nawa aka taya.

Kurtu_Sabo:
Wanda aka yi wa sauyi a cikin Amurka fa, kamar daga Texas zuwa Carolina?

Sajan_Zongo:
Wannan tuƙawa za ka yi, a biya ka ta mil, a 2024 santi 21 ne kowace mil, da kuɗin kwanan hanya. Ba kasafai ake ɗaukar maka mota a cikin ƙasa ba sai da dalili na musamman da aka amince da shi. Ka buɗe taka tambayar daban Sabo, kar mu cakuɗa wa Maman Hanif.

Maman_Hanif:
Salam jama'a, na dawo da labari. Na kira bankin, sun ce suna bayar da wasiƙar, in aika musu da kofin oda da shaidar inshorar Jamus, kwana 10 na aiki. Na buga lambar shasin duka biyun, Sienna babu komai, Accord akwai kira ɗaya da ba a amsa ba, na kama rana wurin dila. Abban Hanif ya samu ya kira jiya da dare. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da maganar Malam Idi, a sayar da Sienna a rufe bashin, a tura Accord, in mun zauna a ga abin da hali zai yi. Ni kuma maganar Baba Rukuba da Hajiya Rabi ce ta zauna mini. Mun bar ta sai ya dawo mu zauna da alƙalami, kuma zan je dila biyu a taya Siennar mu ga ko abin da za a bayar zai rufe ragowar bashin.

Malam_Idi_Bronx:
Ku yi istihara ku biyun. Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya kai ku lafiya.

Tanko_Ramstein:
Ko wacce za ku tura, ki kama ranar Dallas tun yanzu. Daga Mayu zuwa Agusta ne lokacin da aka fi yin sauyi, ranaku na cika da wuri. Ana iya canzawa daga baya.

Bakatsine_TX:
In Accord ce, a kai ta wurin bakanike ya duba ƙarƙashinta da birki kafin ta hau jirgi. Gyaran da za ku yi a El Paso ya fi sauƙi a kan na can.

Hajiya_Rabi_Bayern:
Ƙanwata ki duba gefen tayoyin Siennar ki turo mini lambar girmansu ta akwatin saƙo, in tambaya miki farashin na sanyi a Amberg ki gwada da na wurinku. Ki faɗa mini kuma shekarun yaran, akwai wata maƙwabciyata da za su koma a Satumba tana neman wanda za ta bar wa kujerun mota biyu.